Lauya ce ni, ina son zama alƙaliya: me doka ta ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni lauya ce, shekarata takwas da rantsuwa. Iyayena 'yan Jigawa ne, amma aure ya kawo ni Kano, nan nake aiki, nan na haifi 'ya'yana. Burina in zama alƙaliyar Babbar Kotu. Kawuna ya ce mace ba ta alƙalanci, wani abokin aikina kuma ya ce ko na nema ba za a ba ni ba tunda ni ba 'yar jihar ba ce. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Maganar kawu ta fi sauƙin warwarewa, don haka da ita zan fara.

Kundin tsarin mulkin 1999 bai sa jinsi cikin sharuɗɗan alƙalanci ba. Sashe na 271 ya ce wanda za a naɗa alƙalin Babbar Kotun Jiha sai ya kai shekara 10 da cancantar aikin lauya. Kotun Ɗaukaka Ƙara shekara 12 ce, Kotun Ƙoli kuma 15. Sashe na 42 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda jinsinsa. Idan wani ya kafa miki hujja da cewa kundin yana cewa "shi", nuna masa sashe na 14 na Dokar Fassara, wanda ya ce lafazin namiji a doka ya haɗa da mace.

Kuma hanyar ba sabuwa ba ce. Stella Thomas ta zama majistare a 1943, Modupe Omo-Eboh ta hau kujerar Babbar Kotu a Benin a 1969. Wadda ta fi kusa da ke ita ce Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, lauya mace ta farko daga Arewa. A Kanon da kike zaune ta zama alƙaliyar Babbar Kotu a 1977, ta je Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1987, Kotun Ƙoli a 2005, a duk biyun ita ce mace ta farko, sannan ta zama Alƙaliyar Alƙalan Najeriya daga 2012 zuwa 2014. Ki lura, shekara 28 ta yi tsakanin Babbar Kotu da Kotun Ƙoli. Bayanta Zainab Bulkachuwa ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 2014 zuwa 2020, Kudirat Kekere-Ekun ta zama mace ta biyu da ta riƙe kujerar Alƙaliyar Alƙalan Najeriya a 2024, Kano kuma ta samu Dije Abdu Aboki a matsayin Babbar Joji a 2023.

Na san kawu ba kundin tsarin mulki yake nufi ba, fiƙihu yake nufi, kuma ba daga iska ya ɗauko maganar ba. Mashhurin mazhabar Malikiyya ya sa zama namiji cikin sharuɗɗan alƙali. Imam Abu Hanifa ya halatta wa mace hukunci a abin da ba haddi ko ƙisasi ba, Ɗabari kuwa ya halatta mata gaba ɗaya. Ni ba mai fatawa ba ce, amma ki je masa da ladabi, ki nuna masa cewa saɓanin tsoho ne tsakanin manyan malamai. Ki kuma bambance masa Babbar Kotu da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, inda kadi-kadi ke zama. Ko a can ɗin, sashe na 276 ilimin shari'a da shekara 10 ya ambata, bai ambaci jinsi ba.

Maganar abokin aikinki ce ta fi damuna, domin nan ne ƙafar mata da yawa ke zamewa. Sashe na 271 bai ce sai 'yar asalin jiha ba. Amma a aikace ana duba asali, musamman idan aka zo hawa kotunan tarayya, inda ake rabon gurabe tsakanin jihohi. Ƙa'idar hukumar raba daidai ta tarayya ta ce matar aure jihar haihuwarta za ta ci gaba da riƙewa a wannan rabo. A 2012 an dakatar da rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda ita 'yar Anambra ce, gurbin kuma na Abiya ne, jihar mijinta inda ta yi shekaru tana alƙalanci. Sai da Majalisar Dattawa ta sa baki aka rantsar da ita. A 2020 majalisar dokokin Kuros Riba ta ƙi tabbatar da Akon Ikpeme a matsayin Babbar Joji saboda asalinta Akwa Ibom ne, sai a 2021 aka tabbatar da ita. A ganina wannan zalunci ne: gidan uba ya ce ta tafi, gidan miji ya ce baƙuwa ce.

To, me za ki yi a shekara biyun da suka rage miki?

Ki tsayar da magana ɗaya kan asalinki tun yanzu. Na taɓa zama da wata abokiyar aiki tana buɗe fayil ɗinta, sai ga takardun indijin biyu, ɗaya ta ƙaramar hukumar mahaifinta, ɗaya ta mijinta, kowacce ta yi amfani da ita a wani wuri. Hannunta na rawa take tambayata wacce za ta cire. Ba wadda za ta ciru, domin duk biyun sun shiga rajista. Masu tantancewa sun fi yafe ƙarancin gogewa a kan abin da ya yi kama da ƙarya. Idan takardunki na Jigawa ne, ki bar su haka, ki nemi Kano da hujjar zama da aiki da biyan haraji, ba tare da kin rufe ƙofar Jigawa ba.

Kina iya neman majistare yanzu, domin Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jiha ce ke naɗawa, kuma alƙalai mata da yawa ta nan suka bi. Idan kin zaɓi ci gaba da lauyanci, ki riƙa karɓar kwafin hukuncin kowace shari'a da kika tsaya mata har ƙarshe, mai hatimin kotu, ki adana. Su za a tambaye ki. Hukumar jiha ce ke tace sunaye ta aika wa Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, ita kuma ta ba gwamna shawarar naɗi.

Idan aka cire sunanki kuma kika samu shaidar cewa don ke mace ce ko don asalinki ne, ki fara da rubuta koke ga NJC. Bayan nan kina da damar shigar da ƙarar kare haƙƙi ƙarƙashin sashe na 46 na kundin tsarin mulki. Sai dai ki sani, kotu na iya cewa an tauye miki haƙƙi, amma da wuya ta tilasta a naɗa ki. Shi ya sa duk abin da aka faɗa miki da baki a ofis, ki bi shi da wasiƙa, ki karɓi kwafi mai sa hannu da kwanan wata.