Darakta a ma'aikatar lafiya: ilimin likita kaɗai bai isa ba

Malam, ka tambaya me ya sa ƙwararren likita kan zama darakta amma aiki ya ƙi tafiya. A ganina, hangen nesa ne ke ƙaranci. Likita majinyacin gabansa yake dubawa, shi kuwa darakta ƙananan hukumomi 34 na jihar Katsina ne a wuyansa.

Cututtukanmu ai da lokacinsu. Sanƙarau da ƙyanda da zafin bazara suke tashi, maleriya da kwalara kuma da damina. Wanda ya san aikinsa tun cikin hunturu yake lissafin maganin rigakafin maleriya da ake bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 da damina, da man babur ɗin masu kai shi ƙauyuka, da firijin ajiye allurar rigakafi mai aiki da hasken rana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A Daura kuma sai ya sa iyakar Nijar cikin lissafi, don masu shigowa cin kasuwar Mai'adua ba a tambayarsu katin rigakafi. Dole ya riƙa zama da hakimai da limamai tun kafin annoba ta ɓarke. Da taimakonsu aka kai ga ayyana Najeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, wato ainihin ƙwayar cutar ta asali, a 2020.