Hukuncin ƙara shekarun aiki a takarda don samun bizar Ingila

Tambaya: Allah ya gafarta malam, ni nas ne a Zariya, shekara ɗaya da 'yan watanni da fara aiki. Ina neman bizar ma'aikatan lafiya ta Ingila. Ejan ɗin da nake bi ta hannunsa ya ce asibitocin can sun fi ɗaukar mai shekara uku, zai samo mini wasiƙa mai hatimin wani asibitin kuɗi da ban taɓa aiki a cikinsa ba. Ya ce in hakan bai yiwu ba, akwai takardar ɗaukar nauyi, wadda mai ɗaukar aiki a can ke bayarwa don neman biza, ta sayarwa. Aikin dai na iya shi. Tafiyar ta halatta? Wasiƙar fa?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, tafiyar ba ita ce mai nauyi a tambayarka ba, don haka zan taƙaita a kanta. Malamanmu na Malikiyya sun tsananta: mai Risala ya ce makaruhi ne a yi fatauci zuwa ƙasar abokan gaba. Akwai kuma hadisin Abu Dawud da Tirmizi cewa Annabi (SAW) ya barranta daga musulmin da ke zaune a tsakanin mushirikai, kodayake Tirmizi da kansa ya ruwaito daga Buhari cewa mursali ne, wato ba a ambaci sahabi a jerin maruwaitansa ba. Amma sahabbai sun zauna Habasha ƙarƙashin sarki Kirista, Ja'afar bai dawo ba sai shekara ta 7 bayan hijira, alhali Madina ta daɗe da kafuwa. Abin dubawa shi ne ko mutum zai iya bayyana addininsa. Wanda zai tsare sallarsa da azuminsa, ya kula da tarbiyyar 'ya'yansa, aikinsa kuma jinya ne, tafiyarsa ta halatta. In zamanka a gida zai yiwu, ya fi mini, domin ka fi ni sanin yadda nas guda ke kwana da ɗaki cike da majinyata a asibitocinmu. Wannan shawara ce, ban mayar da ita wajibi ba.

Wasiƙar kuwa haramun ce, babu wata kwana-kwana. Shaidar zur ce aka rubuta aka buga mata hatimi. Allah ya ce a Suratul Hajji, aya ta 30, a nisanci maganar zur, Annabi (SAW) kuma ya lissafa ta cikin mafi girman zunubai, yana kishingiɗe ya tashi zaune yana ta maimaitawa. A hadisin Asma'u 'yar Abubakar ya ce mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafin ƙarya biyu ne. Kai da ejan da wanda ya sa hannu duk kun yi tarayya.

Na san abin da ake faɗa: ai kafirai ne, dukiyarmu suka kwasa. Wannan ba hujja ba ce a fiƙihu. Biza amana ce, wanda ya shiga ƙasa da amanarsu kuwa malamai sun haramta masa ha'intarsu. Dubi Annabi Yusuf, da ya nemi aiki wurin sarkin Masar ya ce shi mai tsarewa ne, masani. Ya yabi kansa da abin da yake da shi. Kai ma faɗi naka duka, har kwanan dare da ɗakin tiyata in ka yi, kada ka ƙara ko wata guda.

Ka ce ka iya aikin. Wataƙila. Amma wanda ya ga shekara uku a takardarka zai bar maka majinyacin da ba a barin ɗan shekara ɗaya da shi, zai rage sa ido a kanka. In rai ya salwanta ta nan, akwai hadisin Abu Dawud cewa wanda ya yi likitanci ba a san shi da shi ba, lamuni na kansa. Cutar ba ta tsayawa kanka ma. A 2023 hukumar nas-nas ta Ingila, NMC, ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Ibadan, ta soke sakamakon duk waɗanda suka zauna a can, har masu gaskiyar cikinsu sai da suka sake. Dokarsu kuma tana iya hana wanda aka kama da yaudara shiga ƙasar har shekara 10.

Takardar ɗaukar nauyi ba hajar sayarwa ba ce. Mai ɗaukar aiki ne da ke da lasisi yake bayar da ita saboda aiki na gaske. Sayenta cin dukiya ne da ɓarna, sau da yawa ma mutum ya sayar da fili ya isa can ya tarar babu aikin. Amma biyan ejan ladan cike takardu ko koyar da jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET ijara ce, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada, halastacciya, in an san aikin an san kuɗin tun farko.

Wanda ya riga ya tafi da irin wannan wasiƙa, ya tuba. In yana yin aikin yadda ya kamata, albashinsa ladan aikinsa ne a zance mafi rinjaye, amma ya cire ƙaryar daga takardunsa, kada ya karɓi matsayin da aka gina a kanta. Kai da ba ka miƙa komai ba tukuna, karɓe takardunka daga hannun wannan ejan, ka nema da shekararka ɗaya ko ka jira shekara ukun ta cika. Wallahu a'alam.