Kagarun bakin teku ta hoton tauraron ɗan'adam: daga ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Zariya ne, ban taɓa ganin teku ido da ido ba. Kwanan baya ina danne-danne a Google Earth sai na ci karo da wani farin gini mai kusurwoyi a gaɓar tekun Ghana, tun daga nan abin ya shiga raina. Shin mutum zai iya koyon wani abu na ƙwarai game da irin waɗannan tsofaffin kagarun daga hoton sama kawai? Kuma daga ina ya kamata in fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙwarai kuwa za ka koya, har ma akwai abin da mai kallo daga sama yake gani wanda wanda ya biya kuɗin mota ya je wurin ba ya lura da shi. Sai dai ka daina zuba wa ginin ido shi kaɗai. Ka ja da baya, ka dubi ƙasar da ke kewaye da shi, domin a can ne dalilin gina shi yake.

Ka fara da Elmina. Rubuta 5.0826, -1.3482 a wurin bincike, zai sauke ka a kanta. Turawan Fotigal ne suka gina wannan kagara a 1482 ƙarƙashin jagorancin Diogo de Azambuja, kuma zinariya ce ta kawo su tun farko, kafin cinikin bayi ya mamaye komai. Kada ka yi saurin matsowa kusa. Tsaya a nesan da za ka ga garin gaba ɗaya. Za ka ga ginin yana zaune a ƙarshen wani siririn harshen ƙasa, teku ta kudu da gabas, tafkin Benya ta arewa. A wancan zamani hanya ɗaya tak ta rage wa mai zuwa da ƙafa, kuma a wannan ɓangaren ne aka sassaƙa gwalalo cikin dutse. A bakin tafkin za ka ga kwale-kwalen masunta jere reras, kamar an zazzage kwalin ashana a kan ruwa. Wannan mafakar da masunta ke amfani da ita yau, ita ce ta ja hankalin masu jiragen ruwa shekaru ɗari biyar da suka wuce.

Yanzu ka tsallaka tafkin da idonka zuwa arewa kaɗan. Akwai tudu, a kansa akwai wata ƙaramar kagara. Wannan tudun shi ne kuskuren mutanen Fotigal. A 1637 Turawan Holan suka hau da igwoyinsu kansa, suka yi ta ruwan wuta a kan babbar kagarar har ta miƙa wuya. Da suka karɓe ta, ba su yarda a yi musu abin da suka yi wa wasu ba, sai suka gina kagarar Coenraadsburg a kan tudun, wadda aka fi sani da St. Jago. Ɗauko ma'aunin nisa da ke cikin manhajar ka ja layi tsakanin gine-ginen biyu. Da ka ga kusancinsu, ba sai wani ya yi maka dogon bayanin yadda aka ci Elmina ba.

Akwai kuma wani fili a gaban kagarar ta yamma, wanda baƙo zai ɗauka wurin ajiye motoci ne kawai ko filin taro. A nan tsohon garin Elmina yake. Bayan Ingila ta karɓi wurin daga hannun Holan a 1872, wani ɓangare na mutanen garin ya ƙi amincewa, ya tsaya tare da daular Asante ta cikin ƙasar Ghana ta yau, sai Turawan Ingila suka yi wa garin luguden wuta a 1873 suka ƙone shi, ba a sake gina shi a wurin ba. Na daɗe ina wuce wannan filin a allon kwamfuta ban ba shi muhimmanci ba, sai da na karanta labarin na koma na dube shi, jikina ya yi sanyi. Mu ma muna da alaƙa da wannan yaƙin, domin a cikin rundunar da Ingila ta yaƙi Asante da ita a 1873 zuwa 1874 akwai dakarun Hausawa da wani hafsan Ingila mai suna John Glover ya tara.

Batun kusurwoyin da suka ba ka sha'awa kuwa, ka tuna da ganuwar garinku. An yi ta ne don tare doki da mashi da kibiya, shi ya sa take tafiya a lanƙwashe. Da igwa ta shigo fagen yaƙi sai lissafi ya sauya. Aka riƙa fito da ƙahonni masu tsini a kusurwoyin gini, ta yadda mai harbi a kan wannan ƙahon zai iya share gindin bangon da ke kai wa ga wancan, babu wani lungu da maƙiyi zai laɓe. In kana son ganin wannan a fili, tashi zuwa Mombasa a Kenya ka dubi Fort Jesus, wadda Fotigal ta fara ginawa a 1593. Daga sama siffarta kamar mutum ne kwance a rigingine, kansa ya nufi teku. Larabawan Oman sun yi mata ƙawanya kusan shekara uku kafin su ci ta a 1698.

A Accra ma ka auna tsakanin James Fort ta Ingila da Ussher Fort ta Holan. Bai kai kilomita ɗaya ba. Ka ɗan matsa gabas ka ga Christiansborg ta Denmak a Osu. Ƙasashe uku a bakin gaɓa ɗaya, kowa na gadin kasuwarsa daga ɗan'uwansa Bature.

Amma dole in gaya maka inda hoton sama ya gaza, kuma wannan ya fi damuna. Daga sama Elmina da maƙwabciyarta kagarar Cape Coast farare ne tas, masu kyan gani, ga shuɗin ruwa, ga itatuwan kwakwa. Tauraron ɗan'adam ba ya ganin kurkukun da ke ƙarƙashin waɗannan rufin, inda aka cusa maza da mata cikin duhu da zafi na makonni da watanni suna jiran jirgi. Ba ya ganin ƙaramar ƙofar da aka fitar da su ta cikinta, wadda ba mai dawowa. Wasu daga cikinsu daga arewa mai nisa aka gangaro da su. Don haka duk kagarar da ka buɗe, ka nemi tarihinta ka karanta a gefe, ka kuma nemi hotunan cikinta da masu ziyara suka ɗora. Hukumar UNESCO ta sanya kagarun Ghana cikin kayan tarihin duniya tun 1979, samun bayani a kansu ba wuya.

Ka sani kuma hoton da kake gani ba na yau ba ne. Wani na watanni ne, wani na shekaru, kuma ana nuna kwanan watan a ƙasan allo. Gaɓar Ghana wuri ne mai yawan gajimare, in ka tarar da hoto ya yi dishi-dishi, ka buɗe sashen tsofaffin hotuna ka zaɓi wata shekarar. Ka lura da inuwa, ita ke gaya maka tsawon bango da zurfin rami. Abin yana shan data sosai, gara ka yi shi inda akwai wifi, kuma a kwamfuta ya fi daɗi nesa ba kusa ba.

Wancan sashen tsofaffin hotunan shi za ka yi amfani da shi a Keta, can gabashin Ghana kusa da iyakar Togo. Denmak ta gina Fort Prinzenstein a nan a 1784, kuma teku ta riga ta cinye wani babban ɓangarenta. Ka dubi abin da ya saura, ka dubi tarin duwatsun da aka jera suna kutsawa cikin ruwa don tare zaizaya, sannan ka riƙa ja da shekaru baya ɗaya bayan ɗaya kana kallon inda bakin ruwa yake a kowane hoto. Ka ajiye littafi a gefenka, kana rubuta sunan wuri, shekarar hoton, da nisan da ka auna daga bango zuwa ruwa.