Tambaya da Amsa: Zan iya noma da kiwo a ƙarƙashin faifan sola?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman rani a gefen Jega. Tsadar fetur ta sa zan koma injin ban-ruwa na sola mai faifai 10. Ina so in shuka wani abu a ƙarƙashinsu, in kuma ɗaure dabbobina a inuwar. Mai haɗa mini ya ce wutar sola ba ta kama mutum, don haka a bar wayoyin a ƙasa. Hankalina bai kwanta ba, domin yarana ne ke ban-ruwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, gara da hankalinka bai kwanta ba.

Noman dai yana yiwuwa, tun 1981 masana a Jamus suka kawo shawarar. A ɗaga faifan aƙalla mita 2.5, su fuskanci kudu, a karkace su digiri 12 zuwa 15, a bar tazara tsakanin layuka yadda inuwa ba za ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na filin ba. Latas, kabeji, tattasai, attaruhu da renon tumatir suna jin daɗin wannan inuwa a zafin Maris da Afrilu, fangali kuma yana daɗewa bai bushe ba. Shinkafa, masara, gero da dawa kuwa 'yan rana ne. Albasa ma, irin ta Aliero, ganye za ta yi ta zubawa, kai ya ƙi girma. Faifan su ma suna ƙaruwa da danshin shukar da ke sanyaya su, don kowane digiri ɗaya na zafi da suka haura 25 yana rage musu kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfi, ga shi da tsakar rana sukan kai digiri 60. Ka kafa su a tudu da ginshiƙin siminti, ambaliyar 2020 ta yi mummunar ɓarna a fadamun Kebbi.

Dabbobi kuwa, tumaki kaɗai na yarda da su. Akuya za ta hau faifai ta tauna waya. Sa kuma da ginshiƙi zai riƙa susa har ya karkata shi.

Yanzu ga maganar mai haɗa maka. Ban san inda wannan ƙarya ta samo asali ba face a 'yar solar cajin waya, mai bolt 12 ko 18, da kowa ya taɓa bai ji komai ba. Taka daban ce. Babban faifai mai wat 550 yana ba da kusan bolt 50. Idan aka jera 10, wannan na shiga wancan, ka tara bolt 500, fiye da ninki biyu na wutar NEPA mai 230. A ina? A jiƙaƙƙiyar ƙasa, inda yaro ke tafiya ba takalmi, hannunsa riƙe da tiyo.

Abin da ya fi wannan muni, ba a ɗauke ta. Kashe makunni injin kawai yake tsayarwa. Muddin rana na sama, wayar da ta fito daga faifai a raye take. Sannan wutar gida tana kai da komowa, sau 100 a sakan ɗaya take faɗuwa zuwa sifili, shi ya sa tartsatsinta kan mutu da kansa. Ta sola, wadda ake kira DC, miƙe take. In mahaɗa ta saki ko gafiya ta ɓare waya, tartsatsin zai riƙe yana ci, roba ta narke ta ɗiga. To ka ga haɗarin in kai kuma ka jibge harawa da karmami a ƙarƙashi don tumaki.

Kullum sai an kawo irin wannan aiki: an murɗa waya biyu da hannu an naɗe da salatif, an sa birekar gida a layin sola, wadda in aka sauke ta cikin lodi ita kanta takan kama da wuta. Mutum ya yi wata uku yana riƙe wa maigidansa tsani, ya sayi filaya, shi ke nan ya zama injiniya. Ran da abu ya faru a ce ƙaddara ce. Dukiyarka da ran 'ya'yanka amana ce a hannunsa, in bai iya ba ya faɗa, ba abin kunya ba ne.

Kafin ka biya shi, ka tsaya kan waɗannan: wayar sola ta asali mai lamba 4mm² ko 6mm², mahaɗar MC4 (fulogin roba na musamman da ke kulle wayoyin sola) a kowace gaɓa, bireka da aka rubuta DC a jikinta mai ɗaukar bolt 1000. Wayoyin sama a ɗaure su jikin ƙarfe inda bakin dabba ba ya kaiwa, wadda za ta je rijiya ta bi cikin bututun roba a binne ta aƙalla rabin mita, a sa alama don kada garma ta tono ta. Ƙarafan duka a haɗa su da sandar tagulla da aka kafa cikin ƙasa. Akwatin inbata, wato na'urar da ke juya wutar faifai ta tuƙa injin, ya samu kwaɗo, makullin a aljihunka.

Wanke ƙurar hunturu kuma da sassafe ake yi, da ruwa da tsumma mai laushi a kan dogon sanda, babba ne zai yi, sanye da takalmin roba.