Gaban mota yana ƙin shan kwana a filin tsere

Malam, in na fahimce ka, tun da ka sauke motar ƙasa kana murza sitiyari a kwana amma gabanta sai ya zarce waje, wato tayoyin gaba sun riga na baya rasa riƙo.

Fara duba kamba, wato karkatar saman taya ciki ko waje in ka kalle ta daga gaba. Mota tana kwanciya a kwana, tayar gaba ta waje wadda ke ɗauke da nauyi sai ta hau gefenta, shi ya sa ake karkata saman tayar ciki kamar digiri 2 zuwa 3 don ta zauna daram, musamman a mota mai ƙafar MacPherson (wadda shokabzoba da sifirin suke haɗe wuri ɗaya) da ba ta ƙara kamba sosai da kanta. Ƙarin kasta ma, wato karkatar layin da tayar gaba ke juyawa a kansa in ka kalle ta daga gefe, yana taimakawa. Sauke motar da yawa kuwa yana karkatar da hannayen ƙasa da ke haɗa taya da jikin mota, kwanciyar ma na iya ƙaruwa.

Kuskuren da na fi gani shi ne ƙara wa sitabilaizar gaba (ƙarfen da ke haɗa ƙafafun gaba biyu don rage kwanciyar mota) tauri, wallahi ƙara matsalar yake. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka gwada, ka auna zafin taya ciki, tsakiya da waje. Awon kusurwa kam kai wa mai injin alaimen da ya san motar tsere, kar ka yi da ido.