Tambaya da Amsa: Me zan duba kafin in sayi manhajar kula da ma'aikata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke riƙe da ofishin wani kamfanin shara da goge-goge a Jidda, ma'aikatanmu 38 ne, kusan duk baƙi. Har yau da Excel nake lissafi. Maigida ya ce in nemo manhajar kula da ma'aikata. Me zan duba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka tambayi farashi, tambayi mai sayarwa ko manhajarsa ta san kalandar Hijiriyya. Iƙama, wato katin izinin zama na baƙo a Saudiyya, da Hijiriyya take ƙarewa, kuma shekarar ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. A wani ofis da na yi aiki, wannan tazara ce ta sa iƙamar direbanmu ta ƙare ba mu ankara ba. Tarar riyal 500 ba ta dame ni ba kamar ganinsa tsaye bakin teburina, katin banki a hannu, yana cewa an rufe masa asusu alhali ranar ce zai aika wa iyalinsa kuɗi Katsina. Nemi manhajar da za ta tunatar da kai tun saura wata biyu, ta haɗa da fasfo da inshorar lafiya.

Sai albashi. Dole ta fitar da fayil ɗin da Mudad, dandalin biyan albashi, ke karɓa don tsarin gwamnati na kare albashi, kuma abin da ke ciki ya dace da kwantiragin da aka yi wa rajista a Qiwa, dandalin ma'aikatar ƙwadago, da abin da ke GOSI, hukumar inshorar ma'aikata. In sun saɓa, kai za a nema.

Ranar da masu sayarwa suka zo nuna maka ita, kada ka zauna kallo kawai. Ba su wannan lissafi: ma'aikaci mai albashin riyal 2,000, ya shekara 7, kamfani ya sallame shi. Doka ta ce rabin albashi kan kowace shekara a biyar ɗin farko, cikakken albashi kan kowace shekara bayan nan. Kuɗin sallamarsa 9,000 ke nan. In shi ya ajiye aikin da kansa, kashi biyu cikin uku zai samu, wato 6,000. Manhajar da ta kasa wannan, ka yi sallama da su. Gwada ta kuma da hutun shekara, kwana 21 da ke komawa 30 bayan shekara biyar, da aikin awa 6 a rana a Ramadan ga Musulmi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ma'aikacin kansa. Mutanenka suna warwatse a gine-gine, don haka a samu manhajar da ke aiki a waya, wadda mai shara zai buɗe ya ga takardar albashinsa da kwanakin hutun da suka rage masa, ba sai ya zo yana roƙo ba. Haƙƙinsa ne.

Ka kuma sa a rubuta cikin yarjejeniya cewa ranar da kuka rabu za su miƙa muku bayananku gaba ɗaya.