Tambaya da Amsa: Zanen Jiragen Yaƙi, Na Hannu ne ko Bugun Inji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani dillali ya kawo mini hoton yaƙin Tarafalga a firam na katako, ya ce tsohon zanen hannu ne, ya yi masa kuɗi sefa dubu 400. Yaya zan gane gaskiyarsa? (Mai karatu daga Garwa)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Dakata da biya tukuna. A 1805 aka gwabza wannan yaƙi a teku, Ingila a gefe guda, Faransa da Sifen a ɗaya gefen. Babban zanen da Turner, shahararren mai zane ɗan Ingila, ya yi masa yana gidan tarihin jiragen ruwa na Girinic a Landan, kuma hotunan yaƙin da aka buga ba su ƙirguwa.

Nemi gilashi mai ƙara girma sau 10, irin na maƙeran zinariya, ka duba sararin sama a hoton. In ka ga ɗige-ɗige a jere kamar na hoton jarida, bugun inji ne, ko da an shafe shi da banish, wato man da ke sa katako sheƙi, yana ƙyalli. Sai ka haska tocila daga gefe: fentin mai yakan yi tudu inda buroshi ya bi kumfar igiyar ruwa da hayaƙin igwa. Juya bayan hoton. Tsohon kyalle ya yi duhu, kuma da ƙananan ƙusoshi aka kafe shi. In waya ce irin ta haɗa takardun ofis, aikin baya-bayan nan ne.

Tuta ma tana tona asiri. Sai a 1801 aka ƙara jan gicciye na karkace a tutar Birtaniya, don haka ya kamata a gan shi a Tarafalga. In kuwa ya fito a hoton yaƙin da aka yi kafin wannan shekarar, mai zanen daga baya ya zo.

Mu dai in za mu tara irin waɗannan hotuna, da na tarihin gida za mu fara: jiragen ruwan yaƙin Ingila Cumberland da Challenger a Duwala a 1914, da igwar jirgin ruwa da aka hauro Binuwai da ita aka buɗe wa Jamusawa wuta a Garwa a 1915.

Tambaya: Fentin wani zane nawa yana ɓarewa duk hunturu. Me ke kawo haka? (Mai karatu daga Injamena)

Amsa: Bushewar iska ce, Hajiya. Zane yana son danshin kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Da hunturu kyalle da katako su tsuke, da damina su kumbura, fentin ya tsage. Rataye shi a bangon ciki, nesa da taga da na'urar sanyaya ɗaki, ki bar tazarar santimita 2 a bayansa saboda gara, ki toshe bayan firam da kwali. Kada ki goge da jiƙaƙƙen tsumma. Inda fentin ya ɗago, ko buroshi kada ya taɓa: kwantar da zanen fuskarsa sama, ki adana ɓarɓashin a ambulan har mai gyara ya gani.